Ramin Hajja

Na amsa laifina tun ba a tambaye ni ba. Ina shekara ta biyu a jami'a a Khartoum, ina zaune gidan wasu Hausawa a Umbadda, na tsaya takarar shugaban ɗaliban Najeriya. A ganina na gama sanin Sudan.

Da safiyar zaɓe na ga wani ɗan rami bayan ɗakin Hajja, matar maigidan, yana fitar da hayaƙi mai ƙamshi. Na ɗauka turaren farin jini ne, na ce yau abokin takarata ya shiga uku. Na tattare jallabiyata na zauna a kai, na lulluɓa da bargo, ina bitar jawabina ina gumi.

Hajja ta leƙo, ta dafe bango.

"Ya waladi, ɗana, dukhan ne fa, hayaƙin gyaran jiki. Matan aure ke shiga saboda mazansu."

Wanka uku na yi, ƙamshin ya ƙi tafiya. A ɗakin taro ina buɗe baki wani ya ce daga baya, "Mabruk, amarya. Ina angon?"

Ƙuri'a huɗu na samu, har da tawa. Yau 'ya'yana uku, amma duk abokin karatun da ya kira ni, da "Amarya, ya gida?" yake farawa.