Jirgin Jamus da Ban Taɓa Shiga Ba

Ba zan taɓa mantawa da satin gwajin da na yi a wani ofishin sayar da tikitin tafiye-tafiye a birnin Lyon ba. Kawuna, ɗan kasuwa daga Maraɗi, shi ya roƙar mini aikin, ya ce, "Kar ka zubar mini da mutunci, ɗana."

Ran farko Madam, mai ofishin, ta miƙo mini takardar tallan wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa na Jamus: shekarar da aka ƙera shi, tashar da aka ƙera shi, tsawo, nauyi, yawan ɗakuna, da sunan da yake ɗauke da shi kafin a sake masa suna. Na haddace tsaf a cikin jirgin ƙasa na metro (ni da ko kwalekwale ban taɓa hawa ba).

Ran Alhamis wani tsoho Bature ya zo da matarsa, suna son tafiyar hutu. Madam na tsaye a bayana, har ina jin ƙamshin turarenta. Na fara zuba musu tarihin jirgin.

Tsohon ya ce, "Mutum nawa yake ɗauka?"

Lambobin suka cakuɗe a kaina. Na ɗauko ta nauyin jirgin na ba shi.

Ya cire tabarau. "Ke nan duk mutanen garin Vaulx-en-Velin za su shiga?"

Mai hankali da nan ya ba da haƙuri. Ni kuwa na dafa ƙirji na ce, "Yallaɓai, da idona na gani. Na yi sati biyu a cikinsa."

"Wace shekara?"

"Bara."

Matar ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ce a hankali, "Ikon Allah. Bara gaba ɗaya jirgin yana tasha ana sake masa inji. Ni na kula da aikin, daga shi na yi ritaya."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To… wataƙila ƙanensa na shiga."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya sayi tikiti biyu a hannun Madam. Ba ta kore ni ba. Ɗakin baya ta mayar da ni, liƙa kan sarki a ambulan, wata huɗu cur.

Tun daga ranar, kafin in shara wa mutum ƙarya, sai na fara tambayarsa aikin da yake yi.