Lambar Katin Kaka

"Gajiya? Ai kai ne gajiyata," in ji Kaka, tana amsa gaisuwar jikanta a kan bencin asibiti. "Miƙo katina."

Dogo ya sosa ƙeya. Katin na nan a aljihun wandonsa, sai dai jiya wandon ya sha wanki, katin ya koma dunƙulen takarda. Ga shi likitan ido sau ɗaya yake zuwa a wata, mai ɗauko fayil kuma ya riga ya faɗa: in babu lamba, sai dai a dawo wata mai zuwa.

"Amaryata, kwantar da hankalinki. Kati ya riga mu gidan gaskiya, amma lambar na san ta ciki da waje."

"To faɗe ta."

"Ita kanta ta kwance mini. Halayenta na riƙe."

"Halaye? Aurenta za ka yi?"

"Wancan zuwan da muka yi awa uku a layi, ita na yi ta juyawa a kaina. Lambobi biyar ne a jere. Ba ta rabuwa gida biyu daidai, sai ta bar ɗaya a waje. Tara kuwa tana raba ta tas, ba saura. Kuma ta gaba ta baya duk ɗaya ake karanta ta, kamar bakinki, dama wayam, hagu wayam."

"Haƙorana sun yi shekara saba'in suna aiki. Kai shekara nawa ka yi a makaranta kafin su gaji da kai? Yau in na rasa likitan nan, ubanka zai ji, kuma da ƙari zan faɗa masa."

Dogo ya san ƙarin Kaka, sai ya sassauta murya.

"Ke ba ki taɓa duban katin ba?"

"Da ido ɗaya da rabi na fi ka gani. Ta farko sanda ce mai lanƙwasasshen kai, irin ta marigayi kakanka. Ta tsakiya kuma ƙwai, irin wanda kake kwasowa a jarrabawa."

Dogo ya shiga lissafi, leɓensa na motsi. Bakwai a gaba, dole bakwai a baya, sha huɗu ke nan. Sifili a tsakiya. In tara za ta raba, sai lambobin sun haɗu sun ba da sha takwas. Saura huɗu: biyu nan, biyu can.

Ya zabura ya nufi tagar mai ɗauko fayil. "Malam, bakwai, biyu, sifili, biyu, bakwai."

Mutumin ya shige ciki, ya fito da fayil, ya kira sunan Kaka.

"Kin ga aikin ilimi," in ji Dogo, yana gyara wuyan riga.

"Na ga aikin ƙwai dai. Ashe shi ma da ranarsa."

Ta miƙe tana dariya, ta kwance bakin mayafinta, ta danƙa masa alawa a tafin hannu.

"Ungo, mijina. Guda ɗaya ce, kada ka ce za ka rage mini. Ita ma ba ta rabuwa gida biyu."