Kwali Tara na Ba Ajimi da Hutun Bakin Teku

Jama'a, Talatar makon jiya na je bakin teku, kuma ban bar Maiduguri ba. A kan kafet na yi tafiyar, a falon wani babba a Maisandari, na tanƙwashe ƙafafu har suka yi tsami.

Ga yadda aka yi. Maƙwabcina Ba Ajimi masunci ne. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka koro su daga bakin tafki. Shi da iyalinsa su goma sha ɗaya suna zaune a wani kango bayan gidana a Bulumkutu, rabinsa ba rufi. Bana wani ƙaninsa da ya rage can ya haɗa masa bandar kifi kwali tara, don ya sayar ya kama ɗaki kafin damina ta zauna. Kifin na isowa shingen bakin gari aka sauke shi. Wai sai an kawo takarda mai sa hannun Shugaban Kwamitin Share Hawayen Masunta. Shi kuwa Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tafi wata ƙasa mai teku ƙaro ilimin kamun kifi. Kwana goma sha biyu kifin yana ƙarƙashin tamfol yana jiran a gama karatu.

Da muka ji ya dawo, sai magatakardansa Wilson ya ja mu gefe. Ya ce, "Ba zai leƙo ofis ba makon nan. Ku je gida barka da dawowa. Amma Malam, ka dai san al'ada."

Na sani mana. Wanda ya je yi wa babba barka da dawowa ba ya tafiya da buƙata. Ka gaishe shi, ka ji labarin hanya, ka yi addu'a, ka tashi. In ka zaro takarda, to a gidanku ba a koya maka zama da manya ba. Ni dai na ce wa Ba Ajimi ya sa ta a aljihun gaba, ya bar bakinta ya ɗan leƙo.

Mun same shi ya yi fes, har wani sheƙi yake. Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Ku mutanen garin nan ba ku san hutu ba."

Muka ce gaskiya ne.

"Bari in ba ku labarin rana ɗaya kawai. Na yi asuba na koma. Ba ƙarar komai sai tsuntsaye. Ƙarfe goma na sauko, aka shimfiɗa mini doguwar kujera a kan rairayi, aka kafa lema. Ruwan ya zo, ya koma. Ya sake zuwa, ya sake komawa. Ina nan ina nazarinsa har azahar."

"Allah ya ƙara basira," in ji mu.

"Kuma duk garin ba inda ake cewa ka sauka daga mota ka ɗaga hannu."

A nan ma ban taɓa ganin an ce masa ba, amma na jinjina kai. Na tambaya ko ya gana da masuntan can. Ya ce ya hango su, jirginsu fari ne.

Sai aka zo abincin rana. Ya ce kifin yana yawo da ransa a cikin akwatin gilashi, ka nuna wanda kake so da yatsa, kafin ka wanke hannu an ajiye maka shi a faranti da lemon tsami. Ya juyo ya dubi maƙwabcina.

"Kifi ba ya son jira, Ba Ajimi. Babban darasin da na koyo ke nan. Ka faɗa wa mutanenka."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Na ga hannun tsohon ya taso zuwa aljihu, ya tsaya, ya koma kan gwiwa. Wallahi raina ya ɓaci. Na yi gyaran murya na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ma yana da wani ɗan kifi da..."

Ba Ajimi ya damƙe mini gwiwa da hannun nan nasa mai jan taru. Ya ce a hankali, "Ba yau ba, Malam. Gaisuwa muka zo."

Don haka muka ji ragowar ranar. An yi barci bayan azahar. An taka a bakin ruwa ba takalmi. An sha wani abu mai sanyi cikin ƙoƙon kwakwa, an kalli rana tana faɗawa cikin teku. Daga nan Mai Girma ya yi hamma, ya ce gajiyar tafiya ba ta sake shi ba, sai ya ɗan huta. Muka yi masa addu'a Allah ya huce gajiya, muka fito neman keke.

Kada a ce ban faɗi alheri ba: ya sa hannu. Ranar Litinin ya shigo ofis, ko minti ɗaya abin bai ɗauke shi ba. A tsakani dai an yi ruwa sau biyu.

Jiya muka kai takardar shinge. Jami'in ya karanta ta gaba da baya, ya ce tun da ya fara aiki a wurin bai ga takarda cikakkiya irinta ba. Sannan ya ce ruwa ya shiga kifin, tsutsa ta kama shi, wari ya hana su aiki, tun Juma'a suka binne shi. Ya nuna mana wurin. Kwalayen kuma suna jingine da bango, sun bushe sarai.

Ba Ajimi ya daɗe yana kallon ƙasar. Ni kuwa kunya ta hana ni duban fuskarsa. Can ya ce, "To ɗana, ba ni kwalayen. Ƙasan kangon na da laima, in shimfiɗa wa jikoki."

Jami'in ya sake duba takardar, da ladabinsa. "Baba, wannan ta kifi ce. Ba ta ce kwali ba."

Yau da safe na tambayi Wilson wa ke sa hannun kwali. Ya ce akwai kwamiti, kuma shugabansa mutumin kirki ne, ba ya ɓata wa talaka lokaci. Jirgi ɗaya ma suka tafi da namu. Shi dai bai gama karatu ba tukuna.