Mista Biskit a Akwatin Sadaka

Ba zan taɓa mantawa da Oktoban 2013 ba, ko da na so in manta, domin akwai foto.

Ni dai lekol ɗina a aji huɗu ta tsaya, a Maradi, kuma ajin nan sau biyu na zauna shi. Abin da na sani na boko shi ne mushe (wato malaminmu), alli da bulala. Sauran ilimina a kasuwar Rungis ta Paris na same shi, shekara ashirin ina jibgar kwalayen tumatir. Don haka da ƙanwata Rakiya ta zo mana Stains, unguwarmu a bakin Paris, daga Ingila da ɗanta Sadik, ta kama ba ni labarin makarantarsu, sai na ji kamar da ni take.

Wai tun yana ɗan shekara huɗu aka sa masa yunifom. Wai a ajin farko rabin yini wasa ne da yashi da ruwa. Wai ba a maimaita aji (da can aka haife ni, da yanzu likita ne ni). Takardar sakamako kuma ba na ɗaya ba na kashin baya, sai dai malama ta rubuta cewa yaro yana son taimakon abokansa.

Na ce, "To Rakiya, wa ake duka?"

Ta ce, "Yaya, ba a duka."

Na ce, "Ai na gani."

Abin da na gani kuwa wata ƴar tsana ce mai gashi, irin wadda Faransawa ke kira nunus. Ido ɗaya, kunne a ɗinke, ga dauɗa. Yaro namiji, ɗan shekara biyar, da ita yake ci, da ita yake kwana. Uwar kuma sai ɗaukar su foto take, a jirgin metro, a kasuwar Barbès. Ban tambayi kowa komai ba (ba halina ba ne). Safiyar da za mu tafi Lyon ɗaurin auren ɗan kawunmu, ana cikin hada-hadar kaya, na cusa ta a leda tare da tsofaffin wandunana, na jefa cikin babban akwatin ƙarfen nan na tufafin sadaka da ke ƙofar benenmu. A ganina tarbiyya na yi.

Mun isa Lyon, zaure ya cika da ƴan Nijar masu digiri, ana ta Faransanci kamar a Paris aka yanke musu cibiya. An fara zuba shinkafa da naman rago ke nan Rakiya ta zaro wani babban littafi.

"Sadik, kawo Mista Biskit a ɗauke shi da amarya."

Uwar ango ta ce, "Wane ne kuma Biskit?"

Nan Rakiya ta yi wa zaure bayani. Ashe nunus ɗin nan ba na Sadik ba ne, na aji ne. Yara talatin, kowa da ranar da zai kai shi gida. Duk inda aka je da shi a ɗauki foto a manna a littafin, yaro ya rubuta layi ɗaya da hannunsa, ran Litinin ya tsaya gaban aji ya ba da labari. Sadik tun farkon shekara yake jira, shi aka ba hutun mako guda don ya fi kowa natsuwa. Ta buɗe shafuka: ga Biskit a bakin teku, ga shi wurin likitan haƙori. Abin nan ya fi ni yawo.

Na yi gyaran murya na ce ai nunus ya cika kantuna, sai a sayi sabo.

"Yaya, yaran sun san kunnen da malamarsu ta ɗinke."

Sai Sadik, ko damuwa babu a fuskarsa, ya ce, "Mama, yana wurin Kawu. Na ga ya sa shi a leda da wanduna, don kar ya ji sanyi."

Na faɗi gaskiya, da yake ƙarya ba ta zo da wuri ba. Uwar ango ta ce, "Kai da furfurarka?" Yaron bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, kuma da bulalar mushe ce da ta fi sauƙi.

Ko loma ban kai ba na koma tasha. Bayan la'asar ina Stains, cikin babbar rigar shadda, hannuna har kafaɗa cikin bakin akwatin, ina lalube da sandar mopa. Na fito da siket. Na fito da rigar nono. Daidai nan Alhaji maƙwabcinmu ya dawo daga masallaci da mutum uku.

"Subhanallahi! Malam, har abin ya kai haka? Ai da ka yi magana da mun haɗa maka wani abu."

Ina ƙoƙarin bayani ledata ta fito. Na zaro Biskit na ɗaga sama don su gane. Ba su gane ba. Alhaji ya ce Allah ya ba da lafiya. Matata, wadda aiki ya hana ta zuwa Lyon, ta sauko da waya a hannu.

"Tsaya haka nan. Rakiya ta ce kowace rana sai da foto."

Bayan wata guda wasiƙa ta zo daga Ingila. Kwafin shafin ne: ga ni, ga akwati, ga siket a ƙasa. Sadik ya rubuta da karkataccen hannunsa, uwar ta fassara a gefe: "Biskit ya ɓace a Paris, kawuna ya ceto shi." Malama ta manna tauraro biyu na takarda, ɗaya wai na Kawu ne.

Yana nan a jikin firji. Shi kaɗai ne yabon da wata makaranta ta taɓa yi mini a duniya, kuma ban cancance shi ba. Yanzu ko tsumma na gani a hannun yaro, sai na tambaya ko ɗan ajinsu ne.