Ranar da na yi wa injin niƙa daka

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da ma na so, don matan garinmu ba za su bar ni ba.

A shekarun nan ne da ake bin layi kafin a sayi sabulu da sukari, damina kuma ta zo da gardama. Gerona bai cika rabin rumbu ba. Abin da ya riƙe gidana shi ne wani tsohon injin niƙa mai shan gas, a 'yar rumfa ƙofar gida. (Ni ba mutumin yawo ba ne, daga ɗaki sai rumfa, to kun ga sana'ar ta dace da ni.) Kwatsam ya fara tari da hayaƙi, wata rana ya mutu gaba ɗaya.

Na ɗauko Malam Sabo makaniki daga Bici. Gwani ne, amma kafin ya kwance noti ɗaya ka ci tuwo ka wanke hannu. Ya wargaza injin kaf, ya jera kayan cikin a kan buhu. Ya nuna mini wani ƙarfe kamar guntun sanda mai ƙulle-ƙulle, ya ce shi ne kamshaf, shi ke buɗe wa inji numfashi yana rufewa. "Ka ga wannan? Ko Kano ka je yanzu ba za ka samu ba. In ya lalace, ka sayar da injin a kilo."

Zoben tagullar da kamshaf yake juyawa a ciki, wanda suke kira bushin, shi ne ya cinye, aka sa sabo. Da aka zo zura kamshaf sai ya shiga kamar tsawon yatsa ya cije. Malam Sabo ya juya, ya shafa mai, ya sake juyawa, ya zare shi. Ya ce zai je Bici ya samo sanfefa mai laushi, wato takardar goge ƙarfe, ya hau babur, ya waiwayo: "Mai inji, don Allah kada ka taɓa."

Wallahi na yi niyyar kada in taɓa. Amma na riga na yi wa mata alkawarin gobe su kawo niƙa. Ina zaune ina kallon ƙarfen, sai wata dabara ta faɗo mini. Yaya ake sa wa fartanya ƙota? Ai wuta ake sa wa wutsiyar ƙarfen, a ɗora, a buga, ta shige sumul. Tun ina yaro nake gani a maƙera. Na ce ashe abin da ya tura mutum har Bici ke nan!

Na shiga gida na ce wa maiɗakina Hadiza ta ba ni murhu. Ta ce, "Malam, me za ka gasa?" Na ce aikin maza ne. Na tura bakin kamshaf cikin garwashi har ya ɗau zafi, na kamo shi da tsumma, na kafa a bushin. Wannan karon ko rabin yatsa bai shiga ba. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na koma na ɗauko taɓarya.

Tim! Tim! Tim! Ya ɗan shiga. Na gyara tsayuwa, na ɗaure riga a ƙugu, na ci gaba. (Ashe na iya daka, ban sani ba.) Matan maƙwabta suka ji sauti daga rumfar inji, suka leƙo ta saman danga. Inna Tabawa, tsohuwar da ba ta raga wa kowa, ta tsaya da ƙwaryarta ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Surfe ne ko ribɗi? In kawo nawa?"

Ina cikin haka babur ya tsaya. Malam Sabo ya sauko. Ya zo ya dafa ƙarfen, ya fizge hannu yana yarfewa.

"Wa ya gasa mini kamshaf?"

Na yi masa bayanin fartanya, muryata tana ƙanƙancewa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Fartanya tana shiga ne don tana ƙona itace. Wannan bushin itace ne? Ƙarfe in ya ji wuta kumbura yake yi, mai inji. Abu ya matse, kai kuma ka ƙara masa ƙiba." Matan suka kwashe da dariya, har da Hadiza daga zaure.

Ni ba dariyar ce ta dame ni ba, maganar kilo ce. Malam Sabo ya hana a zuba ruwa, muka zauna har ƙarfen ya huce da kansa. Da ƙyar ya fito da shi. Bushin ya tashi daga aiki. Ya kwantar da kamshaf a kan gilashin tebur ɗin da aka aro gidan malamin makaranta, ya mirgina shi a hankali yana leƙen ƙasansa. Ban taɓa yin salati da yawa haka a tsaye ba. Can ya ɗago ya ce, "Bai lanƙwashe ba. Allah ya so ka, da taɓarya ka buga, ba guduma ba."

Sai da aka ƙara kwana huɗu kafin a samo wani bushin. Na zauna na ga yadda ake yi: ya shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ya zura, ya juya, ya zare, inda baƙin ya taɓa a cikin bushin ya kankare kaɗan. Ya maimaita ya fi sau goma, har kamshaf ya juya da yatsu biyu. Injin ya tashi, ya kuma ciyar da mu har muka fita daga shekarun nan.

Dabara dai har yau ba ta daina zo mini ba. Abin da na koya shi ne in fara kai ta ɗaki in gaya wa Hadiza. Gara mutum ɗaya ya yi mini dariya da rabin gari.