Ni da Ragon Araba

Shekara talatin ina kallon finafinan kunfu, har na haddace ƙa'idarsu: abokin gaba yakan jira sai jarumi ya gama gyara tsayuwa. Shi ya sa ranar da wani rago ya tsinke igiya a kasuwar dabbobin Illela, kowa ya watse ban da ni. Na naɗe babbar riga, na ɗage ƙafa ɗaya, na baza hannuwa kamar shamuwa.

"Alhaji, mi kaka yi?" in ji dillalin ragon.

"Zuba ido," na ce.

Ashe ragon ɗan ƙauyen Araba ne, bai taɓa shiga gidan kallo ba. Bai jira ni ba. Na tsinci kaina cikin kashin shanu, hulata kuwa ina zaton ta tsallaka Nijar.

Har yau, da ƙafa ɗaya dillalai suke gaishe ni.