Sarkin Usur a Filin Makarfi

Kudan ba ta taɓa haihuwar ɗa kamar Malam Jumare ba, in kuma Allah ya ji ƙanta ba za ta sake ba. Malamin elemantare ne. Nasara suka kira shi Zariya koyon alƙalancin ƙwallon kwando, wasan nan da samari ke tsalle kamar awaki suna jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe a kan sanda. Ya dawo da usur a wuya da gajeren wando, ƙwauri a waje kamar na zalɓe. Mata suka sa masa Sarkin Usur, shi kuwa gogan ya ɗauka naɗi ne.

Ko gaishe shi ka yi, sai ka sha karatu. "Jahilai, alƙalanci tsayuwa ne! In ɗan wasa ya yi rashin kunya, sai in kore kowa, ɗaya daga abokan karawarsu ya jefa shi kaɗai. Ni kuwa wurina bayan layi, gefen sanda, idona kan zobe. Ko Gwamna ba ya gusar da ni."

Ranar da 'yan makarantar Ikara suka je wasa Makarfi, Baturen makarantu ya zo don ya ga ko Jumare ya isa a kai shi alƙalanci Kaduna. Jumare dai tuni ya gama sallama da mutanen Kudan, har da yi musu nasiha.

Ana kunnen doki, wasa ya zo ƙarshe, sai wani ɗan Ikara ya ja tsaki. Wataƙila ma da ƙuda yake. Jumare ya busa usur har jijiyar wuya ta tashi, ya kore kowa, ya miƙa wa ɗan Makarfi ƙwallo. Sannan ya taka da ƙasaita zuwa wurin nan nasa mai daraja.

Ashe dogarai, da yake ba su je Zariya ba, nan suka ga inuwa, nan suka kafa kujerar Hakimin Makarfi, ga shi kuwa zaune a kai.

"Kai Malam!" in ji wani dogari. "Da takalmi? Kuma ƙeya za ka ba shi?"

Mutumin da Gwamna ba ya gusarwa ya tuɓe takalmi, ya juya, ya zube, ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!"

Yana cikin jan zamani yaro ya jefa. Makarfi suka ce ta shiga, Ikara suka rantse ba ta shiga ba. Fili ya kaure.

Bature ya matso, ya tambaya da Hausarsa ta hanci, "Malam, ta shiga?"

Jumare na durƙushe ya ce, "Yadda Hakimi ya gani, haka ne."

Hakimi ya ce, "Ni ƙwaurinka nake kallo."

Bature ya miƙa hannu ya karɓi usur, ya goge da hankici, ya jefa aljihu. Da la'asar Jumare ya shiga Kudan ta bayan gari, mutanen da ya yi wa sallama suna yi masa barka da dawowa daga Kaduna.